Hannuna na rawa da safe, kuma kunyar zuwa taron masu daina giya nake ji

"Salam Yaya. Dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 36, ina da mata da yara uku, ina da aikina na rufin asiri. Shekara tara kenan ina shan giya a ɓoye, da farko ƙarshen sati ne kawai da abokai, yanzu kullum ne, in ban sha ba barci baya zuwa. Na rantse na daina ya fi sau ashirin, mafi daɗewar da na taɓa yi kwana 11 ne. Yanzu da safe hannuna rawa yake sai na ɗan kurɓa yake tsayawa. Watan jiya matata ta tsinci kwalba a ƙarƙashin kujerar mota, bata ce min uffan ba, kawai na shigo na tarar ta ajiye min ita a kan gado, wallahi gara ta zage ni. Wani abokin aiki ya ce akwai taron da masu irin matsalata suke yi suna taimakon juna. Ban san ina zan same su ba, ina tsoron in je in yi kiciɓis da wanda ya sanni, kuma na ji ance abin na coci ne. Ya zan yi?"

Wa alaikumussalam ƙanena, sannu. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma kafin mu zo kan maganar taron bari in fara da abin da ka faɗa a tsakiya ka wuce kamar ba komai ba, wato rawar hannun nan ta safe, don ita ta fi tayar min da hankali.

Hannun da ke rawa sai an kurɓa ya tsaya alama ce jikinka ya riga ya saba, ƙwaƙwalwarka ta daidaita kanta da giyar, to irin wannan jikin in aka yanke masa ita dare ɗaya yana iya yin bore mai haɗari. Yawanci abin na farawa cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, rawar jiki, zufa, amai, bugun zuciya, rashin barci. Wasu cikin kwana biyun farko sai jijjiga ta kama su kamar mai farfaɗiya. Wasu kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu sai su rikice gaba ɗaya, zazzaɓi, gane-gane, mutum baya sanin inda yake, kuma wannan matakin yana kisa in ba a asibiti ake ba. Ba tsoratar da kai nake ba, ba kowa ke kaiwa can ba, amma babu mai iya zama a gida ya ce ni ba zan kai ba. Saboda haka kar ka karanta wannan amsar zuciyarka ta ɗebe ka ka tuntsurar da komai yau da daddare ka ce daga yau shikenan. Ka ga likita tukuna. Kuma in ka je ka faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha, kar ka ce "ɗan kaɗan ne" kamar yadda kowa ke cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai maganin da suke bayarwa na ƴan kwanaki wanda ke sauko da jiki a hankali, suna haɗawa da sinadarin bitamin B1 saboda masu sha da yawa suna rasa shi, likitan ne zai duba ya ce ko a gida za ka yi ko sai an kwantar da kai. Kar ka shiga kemis ka sayo maganin barci da kanka, wannan kamar gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka tambaye shi ma maganar magungunan rage sha'awar sha, irin su naltrexone da acamprosate, mutane da yawa basu ma san akwai su ba.

Toh yanzu taron.

Wanda ya fi shahara a duniya shi ne Alcoholics Anonymous, ana taƙaita shi AA, kuma ina so ka ji yadda ya faro don akwai abin da ya shafe ka a ciki. A 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari, Bill Wilson, ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka kan wata harka, harkar ta watse, lokacin yana da ƴan watanni da daina sha. Yana tsaye a harabar otal ga mashaya can gefe yana jiyo hayaniyarsu, ya san in ya ƙara minti kaɗan zai shiga. Sai ya hau waya yana ta neman a haɗa shi da wani mashayi, ko waye, ya yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa gama da shi. Likitan ya yarda ne a kan zai ba shi minti 15, sai ga shi sun kwashe sa'o'i suna magana. Ka lura fa, Bill ba wa'azi ya je yi masa ba, kansa ya je ceto, shi ne mai buƙata. Har yau kan wannan ginin abin yake, mashayi ya zauna da mashayi su faɗa wa juna gaskiya, kowa na amfana da kowa. Don haka in ka je ba alfarma ka je roƙo ba, sabon zuwa shi ya fi kowa daraja a ɗakin, don ganinka na tuna wa tsofaffin inda suka fito. Yanzu ƙungiyar na ƙasashe kusan 180.

Ni na taɓa zama a irin wannan taron, ba don kaina ba, wani ɗan'uwana na jini na raka shekarun baya, sai da muka yi wajen minti ashirin a cikin mota a bakin get yana cewa mu koma gobe ma rana ce. Da muka shiga abin da na gani ya ba ni mamaki saboda rashin abin mamakin. Wani ɗan ɗaki ne, kujerun roba an zagaya su, fanka ɗaya na ƙara, mutum goma sha wani abu. Akwai dattijo da furfura, akwai wani da rigar ofis da alama daga aiki ya wuto, akwai yaro da bai fi 25 ba yana ta murza makullin babur a hannu. Wani ya buɗe, aka karanta ƴan ƙa'idoji, sai aka tambaya ko akwai sabon zuwa. Ɗan'uwan nawa ya sunkuyar da kai bai ɗaga hannu ba, babu wanda ya kalle shi sau biyu. Sai mutane suka fara magana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunansa na farko kawai ya ce shi mashayi ne, ya yi minti uku huɗu yana faɗin abin da ke ransa, kuma ba a katse mutum, ba a mayar masa da martani, ba a ce masa ai da ka yi kaza. Dattijon nan ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin tankin ruwan bayi, ɗakin ya kwashe da dariya, irin dariyar waɗanda kowa ya san wajen ɓoyon nasa, sai na ji ɗan'uwana shi ma ya yi wata ƴar dariya ta hanci, rabon da in ji dariyarsa har na manta. Awa ɗaya aka tashi. An zagaya da wani ɗan kwali, mai so ya jefa abin da ya samu na kuɗin ɗaki, mu bamu saka komai ba kuma babu wanda ya duba. A bakin ƙofa mutum biyu suka rubuta masa lambarsu a takarda. Shikenan taron fa, ba rijista, ba fom, ba katin shaida, ba kuɗin shiga. Sharaɗin zama memba ɗaya ne tak, kana son ka daina sha. Ba a ma ce sai ka riga ka daina ba.

Taron iri biyu ne, ka riƙe wannan don kar ka rikice in kana dubawa. Akwai buɗaɗɗe wanda kowa na iya zuwa, iyali, abokai, shi ya sa ni na samu shiga. Akwai rufaffe na masu matsalar kawai. Kai duka biyun naka ne.

Ina za ka same su? Likitan da na ce ka gani, shi ne mutum na farko da za ka tambaya, musamman in asibitin na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ko na masu fama da shaye-shaye, ma'aikatan wajen galibi sun san wace ƙungiya ke zama a kusa da wace rana, wani lokacin ma a cikin asibitin ake yi. Cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye su ma sukan sani. Sai intanet, shafin AA na duniya yana da jerin ofisoshinsu ƙasa ƙasa, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide da ke nuna tarukan kusa a wuraren da aka shigar da su. In ka samu lamba ka kira kafin ka tafi, don jerin intanet yakan tsufa, kar ka tattaro ƙarfin halinka duka ka je ka tarar da ƙofa a garƙame, wannan kaɗai ya isa ya mayar da mutum baya wata shida. Kuma wanda zai ɗaga wayar shi ma tsohon mashayi ne, ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce kana son zuwa taro kawai.

In babu a kusa da kai, ko akwai amma ƙafarka ta ƙi, to akwai na Zoom, tun 2020 da korona ta rufe duniya suka yawaita sosai, akwai Online Intergroup na AA da ke jera su, kusan kowace awa ta dare da rana akwai wanda ake yi a wani wuri. Mafi yawa da Turanci ne, akwai da wasu harsunan. Kana iya canza sunanka kafin ka shiga, ka kashe kamara, ka sa abin kunne ka zauna a mota ka saurara kawai. Ni dai a ganina na Zoom mafari ne mai kyau amma kar ka maƙale a can in har akwai na ido da ido, don da kamara a kashe mutum na iya sauraron taro da kofi a ɗaya hannun, kuma kai ɓuya ce ta kawo ka inda kake, shekara tara kana ɓuya.

Maganar coci. Ba zan rufe ka ba, AA ta samo tushe daga wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Oxford Group, kuma a wurare da yawa a ɗakin taron coci ake zama saboda nan ake samun ɗaki da sauƙi, wasu tarukan ma suna rufewa da addu'ar Kirista. Amma ƙungiyar ita kanta bata ƙarƙashin wani addini ko ɗarika, matakai 12 da suke bi wajen dainawa suna maganar Allah ne gwargwadon yadda kowa ya fahimce Shi, akwai Musulmi a ciki, akwai Yahudawa, akwai waɗanda basu da addini ma. In an zo addu'ar da ba taka ba ka yi shiru ka yi taka a zuci, babu mai tsare ka. In kuma ranka bai kwanta ba akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore ta Amurka a 1989, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da sunna, suna da taruka ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery da aka fara a 1994, su babu maganar addini sam, dabarun sarrafa tunani da sha'awa suke koyarwa irin na masana halayyar ɗan Adam, kuma basa sa mutum ya kira kansa mashayi, wasu wannan ya fi musu daɗi. Ka zaɓi wanda za ka iya komawa, shi ne ma'aunin.

Kuma tunda na ji daga salon maganarka akwai nauyin zunubi a wuyanka, ka tuna sahabin nan da ake ta kawowa gaban Annabi (SAW) kan shan giya, wata rana wani ya tsine masa ya ce sau nawa za a kawo shi, Annabi ya hana, ya ce kar ku tsine masa, yana son Allah da ManzonSa. Yana cikin Bukhari. Haramcin na nan daram babu mai taɓa shi, amma ba a kore ka daga layi ba.

Sai babban tsoron, in ka haɗu da wanda ya sanka. Zai iya faruwa, ba zan ce maka ba zai faru ba. Amma ka tsaya ka yi tunani, shi me ya kawo shi? Abin da ya kawo ka. In ya fita ya ce na ga wane a taron mashaya, tambayar farko da za a yi masa ita ce kai me ka je yi. Ƙa'idarsu ce abin da aka ji a ɗakin da wanda aka gani a bar shi a ɗakin, sai dai ka sani amana ce ba doka ba, mutane kuma mutane ne, don haka ba dole ka zazzage cikinka duka ranar farko ba, ba sai ka faɗi inda kake aiki ko unguwarku ba, manyan sirrika ka ajiye wa mutum ɗaya da ka yarda da shi daga baya. In kana so ka je na wata unguwa mai nisa ka je. Kuma ƙanena bari in faɗa maka wadda ba za ka so ji ba, kana tsoron a ganka a ɗakin masu dainawa, shekara tara a ina ake ganinka? Mai sayar maka ya sanka, abokan shan sun sanka, matarka ta sani, abokin aikin da ya ba ka shawarar nan kana zaton haka kawai ya ɗauko maka zancen? Warin ya riga ka isa ofis tuntuni. Sirrin da kake gadi kai kaɗai ka ɗauka har yanzu sirri ne.

Kar ka yanke hukunci da taro ɗaya. Wani taron za ka je ka tarar da wani mai surutu ya cinye rabin lokacin, wani ka ji duk labaran basu yi kama da naka ba, kai baka taɓa kwana a kwata ba, ba a kore ka daga aiki ba, sai zuciya ta ce maka ka gani ai ni ban kai su ba. Wannan muryar giyar ce, kuma wayo gare ta. Ka saurari inda kuka yi kama, rantsuwar da ake karyawa, lissafin ko akwai sauran da zai kai ni dare, ƙaryar da ake shirya wa mata tun a hanya. Ka je aƙalla sau shida, in da hali wurare daban daban, sannan ka ce ya yi ko bai yi ba. Za ka ji suna cewa taro 90 a kwana 90, shawara ce ba farilla ba, manufar dai a farko ka cika lokacin da ka saba sha da wani abu, kai da naka na dare ne to taron yamma ko na dare ka nema.

Bayan ƴan makonni ka nemi wanda suke kira siponsa, wato wanda ya daɗe da dainawa, ya bi matakan, zai riƙe maka hannu. Namiji ɗan'uwanka za ka nema. Ka zaɓi wanda natsuwarsa ta burge ka ba wanda ya fi iya magana ba, in bai yi maka ba kana iya canzawa babu faɗa. Amfaninsa shi ne ƙarfe tara na dare in ka samu kanka ka karya kan mota ta hanyar da ka sani, akwai lambar da za ka kira kafin ka isa, kafin fa, ba bayan ka sha ba. Kuma ka kiyaye, duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka don wai shi ma ƙwaya ce, kar ka saurare shi, ƴan taro ba likitoci ba ne kuma ita ƙungiyar da kanta ta hana membobi yin likitanci. Wanda ya fara neman rance a wajenka, ko ya ce sai ka biya kafin ka shiga, ko ake ɗaukar hoto, ko inda za a kulle mutum a doke shi da sunan magani, duk wannan ba shi ne abin da nake maka bayani ba, ka kama gabanka.

Yana aiki kuwa? A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, suka samu cewa shirye-shiryen da ke haɗa mutane da AA sun kai sauran hanyoyin jinya, wajen dainawa gaba ɗaya ma sun ɗan fi su. Amma ko a can ba kowa ya tsira ba, da yawa sun koma sha, shi ya sa nake ce maka ka haɗa da likita kar ka riƙe igiya ɗaya. In kuma ka zame, ka yi kwana 40 sai ka sha, abin da ya fi kashe mutane shi ne kunyar komawa ɗakin, sai su ɓace. Ka koma washegari ka faɗa. Da yawa daga mutanen da ke zaune a wajen sun san wannan tafiyar da ƙafarsu. In ko wani dare ka ji tunanin gara ka mutu ka huta, wannan ba na jiran ranar taro ba ne, ka tashi wani a daren ku tafi asibiti.

Matarka kuma, baiwar Allah. Kwalbar da ta ɗora a kan gado magana ce ta yi maka, kuma har yau baka amsa ba. Kar ka je mata da sabuwar rantsuwa, ta ƙoshi da su ko da baka taɓa yi a gabanta ba. Ka ce mata ranar kaza zan ga likita, ranar kaza akwai taro ƙarfe kaza, in ta yarda ta raka ka asibitin ma ya fi, don kwanakin farko kana buƙatar wanda zai sa maka ido. Amma kar ka mayar da ita ƴar sanda mai shinshina bakinka kullum, zai cinye auren. Akwai Al-Anon, taron iyalan mashaya, Lois matar shi Bill ɗin tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951, in tana so ta leƙa, in bata so kar ka matsa. Kuma kar ka zaci za ta yi murna ranar farko, mai yiwuwa ta yi shiru tana kallo wata da watanni, haƙƙinta ne.

Abu ɗaya kuma ba na jira ba ne, kwalbar a mota aka tsince ta. Daga yau in ka sha kar ka tuƙa, balle da yaran a baya, ka bar makullin a hannunta.

Ka samu likita cikin satin nan, ka kira lambar taron ka tabbatar da rana da lokaci, ka je da wuri kamar minti goma kafin a fara don shiga ɗakin da ya riga ya cika ya fi wuya. In an zagayo kanka baka shirya ba ka ce yau saurare na zo yi, sun saba ji. Ka sake rubuto min bayan zuwa na uku, ina son jin me likitan ya ce game da hannun.